Yadda Na Kai Motar Marigayi Malumfashi A Sa Mata Fankar Lantarki

Ana sallame sallar asuba muka bar Maska, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne a motar: ni, da ƙanena da yake tuƙa ni, da wani Alhaji maƙwabcinmu, abokin maigidana marigayi. A but mun jera jarkoki huɗu cike da ruwa, kuma ba mu ne za mu sha ba, motar ce.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san wannan mota. Tsohuwar wagon ce da marigayi ya bar mini. Da ita nake kai buhunan waken suya kasuwa, da ita nake kai mahaifiyata asibiti duk wata. Tun farkon damina ta ɗauko wani hali. In tana gudu ba ta da matsala, amma da an shiga cunkoso ko an tsaya a shingen jami'an tsaro, sai allurar zafi ta haye, lagireto ya kama tafasa. Bakaniken garinmu ya ce fankar da injin ke juyawa ce ta gaji, irinta kuma sai an aika Kudu, kuɗin da ya ambata ya kusa cinye ribata ta kakar bara. Ga shi a yankinmu yanzu ba wanda yake so mota ta tsaya masa tsakanin gari da gari, balle da tsohuwa marar lafiya a ciki.

Alhaji ne ya kawo shawara. Ya ce akwai wani mai wayarin a Malumfashi da yake cire fankar injin gaba ɗaya, ya ɗaura guda biyu na lantarki irin na ƙananan motoci, masu aiki da batir, a ƙasa da rabin wancan kuɗi. Na gode masa, amma raina bai kwanta ba. Wannan Alhaji tun ba a yi arba'in ɗin marigayi ba ya taya motar, ya kuma sake tayawa bayan salla. Sai na ce a zuciyata, ko dai yana da la'ada a wajen mai wayarin, ko kuwa so yake a lalata motar in sayar masa a wulaƙance. Shi ya sa da ƙanena ya ce in zauna su je su dawo, na ce ƙafata ƙafarsu. Shi ma ɗin ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, don duk gyaran da ya kai motar shi kaɗai yakan dawo da tsada.

Mun shiga Funtua wajen ƙarfe bakwai, muka karya da koko da ƙosai a gefen tasha. Ƙosan yanzu ya koma kamar goro, uku a loma ɗaya. Daga nan muka nufi layin masu kayan Beljiyam, don na rantse ni zan sayi fankokin da hannuna. Rumfar da muka shiga ta wani dattijo ce mai farin gemu da carbi, yana ta kirana Mama duk da ya girme ni. Ya zaro fankoki biyu, ya ce daga mota ɗaya aka ciro su, ko wata shida ba su yi a ƙasar nan ba. Ya ɗosana wayoyinsu a batir, kowace ta yi fir, ya cire nan take. Ya rage mini kuɗi tun kafin in roƙa, ya kuma yi wa mahaifiyata addu'ar samun lafiya. Na fito ina jin na yi ciniki. Kafin a sa su a but na tsinko zare daga bakin gyalena na ɗaura wa kowace a wani lungu, don kar a musanya mini su a gaba.

Hanyar Bakori ta yi kyau da safiyar nan. Masara ta kai kan mutum dama da hagu, ta fitar da gemu, waken suya ya rufe ƙasa, jefi-jefi gonar auduga ta fara fure. Mata da maza sun fito da buhunan taki a bayan babura. Ni dai rabin idona yana gona, rabi yana kan allura. A shinge na biyu muka tarar da layi, tirela uku a gabanmu, kafin a zo kanmu bonet ya fara hayaƙi. Muka gangara gefe, muka jira ta huce, ta shanye jarka ɗaya da rabi. Na sayi gasasshiyar masara a wajen wata mata da ke fifita gawayi, wadda ta ce mini motoci irin tamu su ne kasuwarta. Alhaji ya dubi ruwan da ke zuba ƙasa ya ce tsohuwar mota wahala ce ga mace. Na yi kamar ban ji ba.

Wajen ƙarfe goma muka isa Malumfashi. Garejin yana bayan kasuwa, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, rumfar kwano ɗaya da benci. Mai wayarin, Malam Ishaya, mutum ne siriri mai furfura a gefen kai, da tabarau ɗaure da zare. Ba shi da yawan magana, abin da ya ƙara mini zargi. Ya nuna mini benci a inuwa, na ce na gode, na tsaya a bakin bonet.

Ya kwance tsohuwar fankar, na karɓa na sa a but da kaina. Ya auna bayan lagireto, ya aika wa mai walda na kusa da shi ya haɗa ƙarfen da zai riƙe fankokin. Sannan ya ce sai an sayo abubuwa uku: fiyus, da wani ɗan akwati baƙi da ya kira rile, da wata 'yar na'ura da za a ɗaura a bututun ruwa, wadda in ta ji zafi ya kai za ta tada fankokin da kanta. Na ce ga shi an fara. Na tambaye shi me zai hana a haɗa su kai tsaye da makunni, direba ya kunna in ya ga dama, kamar yadda na ji wasu na yi.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. “Hajiya, ranar da direba ya manta bai kunna ba, injin ne zai tafi. Ranar da waya ta yi zafi babu fiyus, motar ce za ta kama wuta. In kin ce a yi haka, ki kai wa wani.”

Na tura ƙanena ya sayo, na kuma ce ya kawo mini rasit.

Ana cikin haka ya jona fankokin a batir, amma shi bai cire da wuri ba, ya bar su suna ta juyawa. Ta farko ta ci gaba lafiya. Ta biyu, bayan kamar minti biyu, ta fara wani gurnani tana rage gudu. Ya ce wannan ta kusa mutuwa. Nan take na duba zarena, yana nan inda na ɗaura. Na ce masa in yana da tasa da yake son sayar mini ya faɗa kawai. Sai ya kama wayar fankar ya miƙo mini. Na taɓa na yi saurin sakewa, kamar an ciro ta daga murhu. Ya buɗe cikin fankar a gabana, ya nuna mini gawayinta, wato ɗan baƙin abin da ke isar mata da wuta, ya cinye saura ƙiris, an kuma cusa takardar sigari a bayansa don ya taɓa. Wato dattijon Funtua ya san abin da ya sa ya cire wayar da sauri. Malam Ishaya ya ce ba sai na sayi wata ba, ya nemo gawayi daga wata matacciyar fanka a cikin tarkacensa, ya goge shi da fayil har ya shiga daidai.

Da azahar maza suka tafi masallaci, shi ya ci gaba da aiki. Na yi salla a gidan da ke kusa, matar gidan ta kawo mini dambun zogale da ƙuli, irin wanda ba a samunsa a wajen masu sayarwa. Ina fitowa na tarar Alhaji ya riga ni dawowa, ya sunkuya kusa da mai wayarin, ina jin yana tambayarsa nawa motar za ta yi in ta gyaru. Malam Ishaya ya ce shi wayarin ya sani, ba dillanci ba. Na yi gyaran murya, Alhaji ya miƙe yana gyara hula.

Daga nan na matsa wa mai wayarin lamba. Ina so mu koma gida da rana a sama, don haka duk bayan minti biyar sai na tambaye shi saura me. Ƙarfe uku ya rufe bonet, ya ce ba zai karɓi kuɗin aikinsa ba sai mun gwada ta zuwa Dayi mun dawo, shi ma yana ciki.

Mun fita gari lafiya. Rana ta buɗe bayan ruwan jiya, ƙasa na fitar da tururi. Can gaba muka cim ma wata babbar mota shaƙe da buhuna tana jan jiki, ba wurin wucewa, muka bi ta a hankali. Na ji fankokin sun tashi. Amma maimakon allurar ta sauka, sai na ga tana hawa, tana hawa, har ta kusa taɓa ja. Ƙanena ya gangara gefe ya kashe mota. Babu gida, babu rumfa, masara ce kawai ta rufe mu ta kowane ɓangare.

Abin da na faɗa wa Malam Ishaya a wurin ba zan maimaita shi duka ba. Na ce sun haɗa baki da Alhaji, na ce an ga mace ba miji. Ina cikin faɗa ƙanena ya taɓa ni ya ce, “Yaya, duba baya.” Babura biyu ne suka tsaya nesa da mu, kowane da mutum biyu, fuskokinsu a naɗe da rawani, ɗaya da wani dogon abu a saɓe. Ba su matso ba, ba su juya ba. Na ji Alhaji yana salati ƙasa-ƙasa, na fara tunanin wa zai kula da mahaifiyata.

Mun fi minti uku muna kallon juna kafin ɗaya ya turo babur a hankali ya yi sallama. Manoma ne za su feshin ciyawa, dogon abin kuwa sandar famfon feshi ce, rawanin don warin magani. Ya ce su ma tsoronmu suka ji, mota a tsaye a daji da maza uku, sai da suka hango mace tana masifa suka tabbata lafiya ce. Suka tsaya tare da mu har muka gama.

Duk wannan abin Malam Ishaya yana gaban mota. Ya ce a tada inji, ya tsinko ganyen masara ya kara a gaban lagireto. Ta ɓangaren fanka ta farko ganyen ya manne, iska na jan sa ciki. Ta ɓangaren ta biyu sai ya karkato waje. Ita wadda aka gyara juyawa take baibai, tana turo iska gaba maimakon ta ja, tana kuma mayar wa lagireto zafin injin.

“Laifina ne, Hajiya,” ya ce. “Da na mayar da ita na juya wayoyin, kuma ban sake gwadawa ba.”

Bai ce ni na hana shi sakat ba, ko da yake ni na san haka ne. Ya musanya wayoyi biyu, abin bai kai minti biyar ba. Muka ƙarasa Dayi, ya sa aka bar motar a kunne a tsaye a bakin titi, tsakiyar masu rake da masu balangu, har kusan rabin awa. Fankokin su tashi, allura ta sauka, su tsaya da kansu. Sau huɗu ina ƙirgawa. Na saya wa kowa rake, har da Alhaji.

A Malumfashi na biya shi abin da muka yi da shi, bai nemi ƙari ba. Yana ta yi mini bayanin yadda zan kula da su, ni kuwa hankalina na kan hannunsa da akwatin kayan aikinsa, ina duba ko wani abu nawa ya shige ciki. Ban ba shi haƙuri ba, na dai ce Allah ya saka.

A dawowa mun shiga cunkoson yamma na Funtua, inda kullum take tona mana asiri, allura ba ta wuce tsakiya ba. Na so in tsaya wajen dattijon nan, na tarar ya rufe rumfa. Muka isa Maska ana kiran magariba.

Ƙanena ya kashe mota a ƙofar gida ya zare makulli, sai na ji fankokin suna ci gaba da juyawa. Na ce shi ke nan, zai kashe mini batir kafin safe. Na zaro waya na kira Malam Ishaya, na fara magana da zafi. Ya bari na gama, sannan ya ce in saurara. Kafin ya rufe baki suka tsaya. Ya ce haka ya haɗa su, sai sun huce injin suke tsayawa, kuma ya gaya mini wannan a gareji har sau biyu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, in za ku yi wannan aiki, ku sa a bar fanka ta juya a batir minti biyar kafin ku biya, kar ku yarda a haɗa ba fiyus, kuma ku kara ganye ku ga inda iska ke bi. Zargi kuwa ban daina ba, don ya yi mini rana a wasu wurare, amma na ga wanda ya fi iya baki na ƙyale, na hau wanda ya yi shiru yana aiki. A ƙofar gida kuwa, ina riƙe da wayar a kunne, Malam Ishaya ya tambaya ko ina nan. Na ce ina nan, Malam, ka yi haƙuri da abin da na faɗa a hanyar Dayi. Ya ce ba komai, in dai riƙa duba ruwa kowace safiya.