Azurfar Kitson Matar Abokina

Ko yau aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi ranar da na fi jin tsoro a rayuwata, ba sai na yi dogon tunani ba. Abin ya faru bayan farin nan da ya ci shanu, an riga an canja kuɗi zuwa naira, garinmu Suleja kuma ana kiransa Abuja tukuna. Ina da rumfar gishiri da kanwa a babbar kasuwa.

Akwai wani Bafulatani abokin cinikina da ke zaune a wajen Maje, wanda fari ya bar shi da 'yan shanu kaɗan. Wata ranar kasuwa ya miƙo mini ƙullin tsumma mai nauyi, ya ce tsofaffin kuɗin azurfa ne da matarsa ke yi wa kitsonta ado da su, gadon uwarta. Yana so in kai wa maƙerin azurfa ya ƙiyasta su, in sun kai ya sayi karsana. Ni kuwa da kunyata ta banza, ko kwancewa ban yi ba, don kada ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Washegari na kai wa tsohon maƙerin. Ya ce, "Ka san tunda aka daina karɓarsu, ba kan Baturen da ke jikinsu muke saye ba, ƙarfen muke saye." Sai ya ɗauki ɗaya ya jefa kan dutse, ta yi amo mai tsawo, ya goga ta a wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya aza a ma'auni. Ta biyu ma haka. Ta uku kuwa ƙwas kawai ta yi. Tsohon ya ci gaba da jefawa yana warewa gefe, tulin gefen nan yana ta girma.

"Waɗannan na zamanin da ne, azurfa ce," in ji shi. "Sauran sulallan baya-bayan nan ne aka huda, farin ƙarfe. Wa ya taɓa ƙullin nan?"

Ba kowa sai ni. A gidana ya kwana, ba shaida, ba wanda ya ga abin da aka ba ni. Wallahi har kasuwa ta zagayo tuwo bai wuce maƙogwarona da daɗi ba. In na rufe ido sai in ga kaina gaban alƙali, ko in ga sandar abokina. Wanda ya fi duka ci mini rai shi ne a ce mai kanwa ya ci amana, don wannan tambarin har jikoki yake bi. Na yi tunanin sayar da rumfar in sayo azurfa in cike, sai na ga ai wannan ma amsa laifi ne.

Ranar kasuwa sai ga shi, matarsa na biye da ƙwaryar nono. Na ce mu je wurin maƙeri ya ji da kunnensa. Tsohon ya sake jefa su ɗaya bayan ɗaya. Abokina ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya dogara ta a ƙasa, ya zuba mini ido.

"Malam," ya ce a hankali, "tun ina saurayi na san azurfar nan. A hannunka ta kwana."

Na fara rantse-rantse. Masu wucewa har sun fara tsayawa. Sai matar, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta sauke ƙwaryarta. Ba ta dubi mijin ba, ni ta fuskanta, kanta a sunkuye.

"Malam, ka faɗa masa ni ce. Shekarar fari nono ya ƙafe. Dawar da aka ci a gida, yana tsammani daga ina ta fito? In na cire ɗaya na sayar, sai in sa a huda mini sule in mayar, kada mata su ga kaina su ce gidansa ya kasa."

Abokina ya tsuguna ya tattara su duka, na kirki da na banza, ya ɗaure ya ajiye kusa da ƙwaryarta. Ya ce ya fasa sayen karsanar. Da ya juyo zai ba ni haƙuri, ni na riga na zauna daɓas kan gawayin maƙera da farar rigata.

Tun daga ranar, ko ɗan'uwana ne ya ba ni ajiya, sai mun kwance ta tare a gaban idonsa, ya ji haushi in zai ji. Na gane kunyar da ke hana ka buɗe ƙulli tana iya kai ka gidan yari. Ni dai wata baiwar Allah ce ta ajiye tata kunyar a tsakiyar kasuwa ta fanshe ni, kuma ba kowace amana ce ke zuwa da irin wannan matar ba.