Duwatsun Perka

Ƙauyenmu gida goma sha ɗaya ne, maƙale tsakanin dutsen Velebit da teku. Fada Sime, limamin cocinmu wanda ya koya mana rubutu, yakan ce Allah ya gama rabon ƙasa kafin ya iso kanmu. Perka matar Dume ba ta yi musu ba. Da kwando ta yi ta sauko da ƙasa daga bayan dutse, shekara arba'in da biyu, har ta haɗa lambun kabeji da ɓaure guda, ta kewaye shi da katanga.

Iskarmu idan ta gangaro daga dutse takan yaye rufi, shi ya sa kowa ke jera duwatsu a kan nasa. Perka kuwa har murfin tukunya sai ta danne.

Da Dume ya rasu, ɗansu Tonko ya tafi da ita birnin Zagreb, gidan bene hawa na huɗu. A can ta rame. Kullum da hantsi takan fita ta tsinto duwatsu, ta danne shanya, ta danne tabarmar ƙofa. Wata safiya, kamar yadda Tonko ya ba ni labari, ya tarar da guda huɗu a kan motarsa.

"Haba Inna! So kike ki kankare min fenti? Nan fa babu iska."

"Na gani, ɗan nan. Ko ganye ba ya motsi. Da me kuke numfashi?"

"Ga ɗumi, ga likita kusa. Me kika baro can, in ban da gishiri da duwatsu?"

"Ƙasata. Kowane kwando na san ranarsa, har wanda na ɗauko kana cikina kana ta shurina, rago kawai. Lokacin sanyi ɗaya, in ba a gyara katanga ba, duk ta tafi teku."

Tonko ya kwashe duwatsun ya zuba a bayan mota.

Ranar uku ga Nuwamba, ina zaune a ƙofar coci, na hango su suna saukowa. Shi yana haki cikin takalmin birni, da kwandon ƙasa a kafaɗa. Ita tana gaba, tana masa faɗa ya daina zubarwa.

Ta ƙara shekara tara a cikinmu, kuma kowace kaka Tonko yakan zo gyaran katanga. Duwatsun Zagreb huɗun nan suna kan rufinta har yanzu. Jiya na duba.