Ƙwan da Rini Bai Kai Gare Shi Ba

Mai Kitso ta cika shekara talatin da biyu, ta ga wurin ya yi mata, sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Shekara goma sha ɗaya tana nan a kan talatin da biyu. Ƙanwarta ta taho daga baya, ta gaishe ta, ta wuce.

Wa zai kama ta, alhali sana'arta ke nan? A shagonta mai tsagaggen madubi da kujerar da aka ɗaure wa ƙafa da waya, tsohuwa kan shiga da furfura ta fito da kai baƙi wuluk tana yauƙi. Haihuwa ce kawai rini bai ba ta ba. Shekara tara da aure, sai dai ta goya na masu zuwa kitso.

Ita da Maigidan, direban motar haya, suka je asibitin da ake haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji. A takarda ta rubuta shekarunta talatin da biyu. Likita ta auna mata maganin mai talatin da biyu. Aka haɗa ƙwai huɗu, kwana uku suka daina girma.

"Baiwar Allah," in ji Likita, "cikin kowane ƙwai akwai wasu 'yan batura, mitokondiriya, su ke ba ɗan tayi ƙarfin girma. Wajen uwa kaɗai ake gadonsu, kuma suna sanyi da shekaru. Naki da alama sun ga duniya. Saura gwaji ɗaya, da shekarunki zan auna magani. Nawa ne?"

Mai Kitso ta saci kallon Maigidan.

"Likita, ba a ɗan shafa musu wani abu?"

"Rini ba ya kaiwa can."

Ta murɗa bakin mayafi. "Arba'in da..."

"Uku," Maigidan ya ƙarasa. "Tun kina amarya na ga katin makarantarki a ƙasan akwati."

"Shi ne ka yi gum?"

"Haba, uwargida! Wa ke rina mini gemu duk mako? In na tono naki, ai an zo kan nawa."

Likita ta soke lambar, ta rubuta ta gaskiya. Ta ce damar kaɗan ce, amma yanzu ta san da wa take aiki, su dawo wata mai kamawa.

A safiya guda Mai Kitso ta ƙara shekara goma sha ɗaya. Ƙanwarta da ta ji, sai ta zo har shago ta durƙusa: "Yaya, sannu da hanya."