Rariyar da na sa a wayata

Ni da kaina na nemi a sa mini ita. Ina sauraren karatun malamai a waya, sai wasu hotuna su riƙa faɗo mini waɗanda ido bai kamata ya gani ba. Ranar kasuwar garin Isa na kai wa mai gyaran waya kukana. Ya sa mini wata manhaja mai tare duk shafin da ke da tsiraici. Shi filta yake ce mata, ni kuwa na raɗa mata rariya. Lambar buɗe ta na rubuta da ajami a 'yar takarda, na cusa cikin gafakata. Na dawo Gangara ina jin na yi wa idona katanga.

A gidana gwaggona take zaune, ƙanwar mahaifina. Uwarsu, wato kakata, daga tsallaken iyaka aka auro ta, ta rasu Gwaggo ba ta fi shekara huɗu ba. Takan ce muryarta kawai ta riƙe, fuskar ta ɓace mata.

Farkon damina wani ɗan'uwanmu mai fatauci ta Burkusuma ya tsaya da babur ƙofar gida. Ya ce a garin su kakata an ga tsofaffin hotunan da wani Bature ya ɗauka, an zuba su a intanet, tsofaffin garin kuma sun shaida ta a ɗaya. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, don haka ya sa abokin cinikinsa ya turo adireshin a tawa.

Gwaggo ta jawo tabarmarta kusa da ni. Lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, amma tana ganin abu in an kawo shi dab da hancinta.

Na danna. Sai jan rubutu ya fito: an toshe, akwai tsiraici.

Gafakata tana rataye a ɗaki, taku biyar ne. Amma ban tashi ba. Na ce a raina, kakata, uwar mahaifina, a irin wannan wuri? Sai na ce, "Gwaggo, babu sabis."

"Sabis ɗin nan naku kamar ruwan bazara," in ji ta. "To, gobe."

Gobe ta tambaya, jibi ma haka. In na dawo daga gona sai ta ce, "Malam ƙarami, yau sabis ya waiwaye mu?" Ni kuma in girgiza kai. A ƙasarmu ba a musun wannan magana, shi ya sa ƙaryar ta zauna daidai. Wata rana har ta ce, "Ka hau tudun nan da ni, za ni iya." Na ce ƙafarta ba za ta kai ba. Ban duba hoton ba, ban tambayi kowa ba. Abin da na'ura ta yanke shi na ɗauka, kamar fatawar babban malami.

Sai da aka ɗaure gero ɗan'uwan nan ya sake biyowa. Ya ce, "Kun ga tsohuwa bakin rijiya?"

"Rijiya?"

"To mi kake zato? Wallahi ka cika malanta."

Yana tafiya na sauko da gafaka. Mace ce tsaye bakin rijiya, tulu a ka, goyo a baya, zane ɗaure a ƙugu kamar sauran matan da ke kewaye da ita. Rana ta sa ta ɗan runtse ido. Rariya ta ga fata ta tare. Ba ta san rijiya ba, ba ta san zamani ba, ba aikinta ne ta sani ba. Nawa ne.

Na kai wa Gwaggo a inuwar rumbu. Ta kai wayar dab da fuska, ta juya ta, ta sake juyawa. Ta ce, "Haske kawai nake gani, ɗan nan."

Na faɗa mata gaskiya duka, har da takardar cikin gafaka. Na so ma ta zage ni.

"Zane guda gare ta, ko?" ta ce. "Zamaninsu wa ke da biyu? Kuma da shi take sallarta." Sai ta miƙo mini wayar. "Ƙirga mini tsagarta."

Na ƙirga. Shida gefe guda, bakwai ɗaya gefen. Ta shafa kumatunta tana bi da yatsa.

"Hancin fa?"

"Irin naki ne, Gwaggo."

"Ƙarya kake ko gaskiya?"

Ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba. Na rantse mata. Ta ce to, ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin, ta bar shi nan har hasken ya mutu da kansa.