Safa Ɗaya Daga Garwa Zuwa Yawunde

Duk mai jegon da ke unguwarsu a Garwa ta san Goggo Balkisu mai saƙa. Hular jarirai, safa, 'yar rigar sanyi, in dai ulu ne da kwarashi, hannunta kamar walƙiya. Ita ba ta san wani abu kilomita ba, da saƙa take auna hanya. Garwa zuwa Marwa hula ce. Zuwa Ngaundere hula da safa. In kuwa aka ɗora da jirgin ƙasa har Yawunde, to kayan jariri ne cif.

Tana kuma da wata ƙa'ida da ba ta karyawa: ba ta saƙa wa jininta komai sai an haihu lafiya, kuma a hanyar zuwa barka take yi. Haka ta yi wa jikokinta na Bogo da na Mindif, ba ta taɓa shiga ɗakin jego hannu rabbana ba.

Sai ga autarta Mardiya ta yi haihuwar fari a Yawunde. Mijin Mardiya, Taufiƙ, ya kira waya ya ce ya saya mata tikitin jirgin sama.

Ya ce, "Inna, awa ɗaya ce da 'yan mintoci."

Ta ce, "To, Allah ya yi albarka." A ranta kuwa cewa ta yi yaran zamani akwai zuƙi ta malle. Yawunden da take kwana a hanya kafin ta gan ta, wa ya jawo ta kusa? Ta cusa ƙullin ulu a jaka, ta haɗa guzurin dambun nama mai isar mutum kwana biyu.

Da jirgi ya ɗaga sai da ta ƙare duk addu'ar da ta iya. Hankalinta na kwanciya ta zaro kwarashi ta kama safa. Ta gama ta dama ke nan, tana laluben zaren ta hagu, sai matar da ke gefenta, wata malamar makaranta mai suna Honorine, ta taɓa ta.

"Mama, ɗaura bel, on arrive, mun iso. Ga Yawunde can."

"Wace Yawunden? Ta su wa?"

Ta leƙa taga, ga tsaunuka kore shar da jan rufin gidaje. Ita da ake kawo wa aiki daga unguwanni, za ta shiga wurin jikanta da safa ƙwaya ɗaya! Wallahi ji ta yi kamar ta roƙi direban ya ɗan zaga gari.

A gidan Mardiya ta yi ta kewaye-kewaye, ta yaba hancin yaro, ta yi mitar sanyin garin. Daga ƙarshe dai ta ciro safar ta ajiye a bakin gado, tana kallon ƙasa.

"Jirgin nan ne ya cuce ni," in ji ta.

Mardiya ta yi dariya har da riƙe ciki, sai kuma dariyar ta juye kuka. Tun aurenta take kewar uwarta, ga shi ta ji ana cewa ana gama suna Goggo za ta koma rumfar saƙarta a Garwa.

Ta kama hannun uwar ta ce, "Inna, a nan za ki ƙarasa. Amma don Allah kada ki yi sauri."

Goggo Balkisu, wadda ke gama hula tsakanin azahar da la'asar, sai da aka yi arba'in kafin ta ɗaure zaren ƙarshe.