Tabarmar Ɗan Jarida

Ni ban taɓa karanta jarida daga kai har gindi ba, amma na yi shekaru ina ɗauko mai rubuta ta a bayan jakina, kuma a garinmu wannan ma ilimi ne. Lakwal ɗina, wato zaman makarantar boko, bai wuce damina biyu ba. Mushe, malaminmu, ya ce kaina tulu ne da aka gasa sau biyu, ruwa ba ya tsatsa shi. Babana ya ce to a maido mashi da tulunshi, akwai aiki a gona. Ɗan rubutun nan a karatun manya na tsince shi, da furfura.

Garinmu mazaunin komin ne, wato ƙaramar hukuma, tsakanin Tasawa da Mayahi, kuma daga bakin babbar hanya zuwa meri, ma'aikatar magajin gari, akwai rairayin da mota ke jin tsoro. Ni kuwa ina da sharet, amalanken jaki. Duk lokacin da konseye, wakilan jama'a, za su yi zamansu, wani ɗan jarida yakan zo daga Maraɗi, siriri mai tabarau, da jaka a kafaɗa. Motar haya ta aje shi, ni in kwaso shi. Ina da wata tabarmar kaba mai jan baki wadda ba na shimfiɗa ma kowa sai shi, don kada wandonshi ya kwashi ƙaiƙayin gero.

Ranar da zai zo, meri takan sha shara. Konseyen da bai taɓa buɗe baki ba sai ya miƙe ya yi tambaya kan harajin kasuwa, yana satar kallon bik ɗin baƙo ya ga ko yana rubutu. Abin da aka rubuta yakan dawo mana bayan mun manta, ɗan guntu bai fi tafin hannu ba, can ƙasan shafi. Amma diraktan lakwal zai karanta shi a tasha ya juya mana da Hausa, kuma an san perefe, mai mulkin yankinmu, shi ma yana karantawa. An taɓa rubuta cewa famfon kasuwa ya mutu. Kafin kasuwa ta zagayo famfo ya tashi, ba tare da an yi mashi ko addu'a ba.

Ni ma na samu rabona. Aka riƙa ce mani direban jarida. Na koyi gyaran murya kafin magana, na koyi cewa "za mu duba". Matata ta ce ba ta taɓa ganin mutum yana taƙama da ilimin da ke zaune a bayanshi ba sai ni.

Sai zuwan ya fara tsallake. A zo wannan zama, a bar na gaba. Wata rana muna tafe ya gaya mani jaridarsu ta daina biyan kuɗin mota, daga aljihunshi yake zuwa, kuma mai gidansu ya ce ba mai sayen jarida don famfon ƙauye, rigimar manya ita ke tafiya. Na ce ai na ji a rediyo gwamnati na ba jaridu tallafi.

"Baba, wannan ruwan a Yamai yake sauka, kuma ko can yayyafi ne," in ji shi. "Kafin ya gangaro Maraɗi ƙasa ta shanye."

Ya ƙara da cewa waɗansu ma tsoron tallafin suke, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski. Ni na kawo shawara a riƙa ba jakina nashi kaso, tunda shi ke ɗauke da jaridar kuma ba ya aske kowa. Na ga ya rubuta wani abu. Na daɗe ina tambayar dirakta ko ta fito.

Daga nan bai sake zuwa ba.

To, a bayan gidana akwai kwazazzabo, gefen hanyar kasuwa. Kowace damina sai ya gatsi ƙasa ya matso. A shekarar da nake magana, abin da ya rage tsakaninshi da katangata bai wuce inda akuya za ta kwanta ba, kuma bayan katangar ɗakin matata ne. Na yi ta sintiri a meri. Sakatare ya ce an ɗauka. Magajin gari kuwa taubashina ne, ɗan gwaggona, komai na faɗa sai ya maishe shi wasa: wai in bari ramin ya iso, na samu kabari kusa da gida ba sai an wahalar da jama'a ba.

Hadari ya fara leƙowa daga gabas. Sai na yi dabara. Na wanke sharet, abin da ban yi ba ko ranar sunan jikana, na shimfiɗa tabarma mai jan baki, na je na tsaya gaban mai shayin ƙofar meri. Duk wanda ya tambaya sai in yi gyaran murya in ce ni ban ce komai ba. Kuma gaskiya ce, ban ce ba.

Kashegari sai ga kamyo, babbar motar kaya, ɗauke da jar ƙasa. Na fito ƙofar gida ina jiran ya kwano, har na fara tunanin inda zan tsaya in riƙa nuna ma direba da sanda. Kamyo ya wuce ni. Aka juye ƙasar kan hanyar da ta taso daga babbar hanya zuwa meri, inda baƙo zai bi. Aka shafe katangar meri da farar ƙasa. Ni da na yi shekaru ina bin wannan hanya da mutumin, na manta ba ta bi ta bayan gidana.

Ban daddara ba. Na koma wajen mai shayi na ce, cikin hira, baƙi na yanzu sun fi son shigowa ta hanyar kasuwa. Da la'asar magajin gari ya aiko in zo.

Na same shi shi kaɗai a biro, ɗakin aikinshi, wayarshi kan tabur. Ya ce ya kira mutumina ɗan jarida. Wai yana gaishe ni, yana can yana cinikin wake, ya bar jarida tuni. Na ce to Allah ya ba da kasuwa, na fara laluben takalmina.

"Zauna, tsohon banza," in ji shi. "Kana zaton ni ba na so ya zo? Da, in ya rubuta, yanko guntun nake in kai sama in ce ku gani, ana kallonmu. Yanzu me zan kai? Bakinka?"

Ya ce kwazazzabon gada yake so, ta siminti, kuma komin ba ta da ƙarfinta. Na sama kuwa, ramin da ba su gani a takarda ba, a wajensu ba a haƙa shi ba. Na tambaye shi in gaya ma matata ta kwana ina. Sai ya ce ƙasar da aka juye kan hanya dai ba wanda ya auna ta, kuma shi idonshi ba ya gani sosai da rana.

Haka direban jarida ya koma direban ƙasa. Na yi ta kwasa da felu ina lodawa a sharet, jama'a na wucewa suna tambaya wane labari na ɗauko yau. Na cusa a bakin kwazazzabo, na danne da duwatsu da buhunan rairayi.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi. Ɗakin matata ya tsaya, har yau yana tsaye. Amma kwazazzabo bai tafi hannu rabbana ba, ya yi gaba da katangar makewayi. Mun kafa zana a wurin, sai dai zanar gajera ce. Ranar kasuwa yanzu da sassafe nake wanka, in ba haka ba duk wanda ya biyo kan raƙumi sai mun gaisa.