Injin da Ke Ƙarƙashin Tamfol

Da na dawo daga karatu a waje, na tarar ana ta shelar cewa jiha ta haɗa makarantu da masana'antu. Raina bai kwanta ba, amma na ce kada in yi wa abin hukuncin baƙo. Sai na nufi wurin kawuna, wanda ya yi furfura yana koyar da aikin injin saƙa a kwalejin fasaha.

Ya kai ni ɗakin gwaji. A tsakiya ga wani ƙaton inji lulluɓe da tamfol, kyautar masaƙar garin. Shugaban kwaleji ya hana a kunna shi sai kwamishina ya zo ya buɗe, kada yara su lalata. Kwamishina bai zo ba, magajinsa ma haka. Shi ya sa Kawu yake zana injin a allo, ɗalibai suna kwafa, injin yana gefe yana sauraro.

"Yarana sun fi kowa iya zane," in ji shi. "Masaƙa kuma ta ce ba ta ɗaukar wanda bai taɓa inji ba. Ka ga haɗin kai, ɗana."

Bana zai yi ritaya. Burinsa ko aji ɗaya ya ɗora hannu a kan injin nan, ko Allah zai sa su sami aiki.

Na ce, "Kawu, in an kunna gobe, za a ɗauke su?"

Ya gyara bakin tamfol. "Ina fa! Masaƙa ta daina aiki da irinsa tun kafin ta ba mu. Da kana tsammanin sabo ake kyauta da shi?"